“To” Ɗin da Ya Cinye Garken Jauro

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Rano,
Zuwa ga Abba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko kana cikin jirgi ne ko ka riga ka sauka a Alƙahira. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo mana da kai ɗauke da abin da ka je nema.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a cikin ƙunshin yaji da ƙuli-ƙulin da Innarku ta haɗa maka. Ni na ce ta saka. Ranar da ka zo sallama ka durƙusa a zaure, ban ce maka komai ba sai “Allah Ya kiyaye hanya”, ka tashi kana zaton iyakar abin da ke bakina ke nan. Ba haka ba ne. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, balle in zaunar da kai in buɗe maka cikina. Abin da baki ya kasa, bari alƙalami ya gwada. Ka yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne.

Tun da labari ya bazu cewa an zaɓe ka zuwa taron ƙara wa juna sani na likitocin dabbobi a Masar, gidan nan bai huta ba. Gwaggonka ta taso takanas daga Saji tana son abaya. Liman yana son littafi. Abokanka suna son turare. Ƙannenka kuwa hotonka suke so a gindin dalar Fir'auna, wai har a kan raƙumi, sai ka ce mu ba mu taɓa ganin raƙumi ba. Kowa ya faɗi nasa ka ce masa “to”. Ina zaune a gefe ina jin ka, kuma wallahi kowane “to” da ya fito daga bakinka sai in ji gabana ya faɗi. Saboda wannan 'yar kalmar na ɗauki alƙalami.

Ka san ni ma na taɓa zuwa irin wannan taro. Takardar shaidarsa ce ka saba gani a rataye a ɗakina cikin gilashi, wadda kake gogewa da hannun riga kana yaro. Ka san takardar, amma ba ka san labarinta ba.

Lokacin kana goye. Ni ƙaramin malamin dabbobi ne a Kibiya, aikina bai wuce maganin tsutsar ciki da na kaska da wanke gyambo ba. Sai aka kawo sabuwar allurar rigakafin ciwon huhu na shanu, aka ce daga kowane yanki a tura mutum guda Jos ya koyo yadda ake sarrafa ta. Aka tura ni. Jos fa, a wancan zamanin! Garin da Turawa ke zuwa hutu, garin sanyi da duwatsu da gidan namun daji. Na ɗinka sabuwar riga, na ari jakar hannu. Yadda aka cika ka da saƙo, haka aka cika ni, har wanda ba ya amsa sallamata sai da ya tuna yana son dankalin Turawa. Na bar gida kaina cike da saƙon mutane, ban bar wa karatun wurin zama ba.

Da muka shiga zauren taron a otal ɗin da aka sauke mu, sai na hangi 'yan'uwana Kanawa sun taru a kujerun baya. Na nufe su kai tsaye kamar akuyar da ta ga garkensu. A can muka yi ta zama har aka tashi taron, muna raɗa, muna gwada wane ne ya fi jin sanyi. Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Abba, in ka shiga, ka nemi kujerar gaba. In ka ga ɗan Najeriya ka gaishe shi da kyau, ku ci abinci tare, ku yi salla tare, amma a aji ka rabu da shi. Hira ba ta ƙarewa, kuna da jirgin dawowa.

Mai koyar da mu wata likita ce 'yar kudu, mace mai ƙoƙari, ba ni da abin da zan ce da ita sai alheri. Sai dai Turancinta da sauri yake fita, kamar ana zuba gyaɗa a kwano. Ni kuwa Turancina na karatu ne, in an rubuta in bi a hankali, in an faɗa rabi ya wuce ni. Ta yi bauta wa ƙasa a arewa, ta tsinci Hausa kaɗan. Duk inda ta kai aya sai ta juyo wajenmu na baya ta ce, “Kun gane?” Mu kuma mu haɗa baki mu ce, “To.” Sai ta yi murmushi ta ce, “Kun ce to, na wuce.”

Ita a wajenta “to” na nufin “na gane”. Kai ka san ba haka ba ne. Mu “to” muke cewa in an aike mu, “to” in an yi mana faɗa, “to” in ba mu yarda ba amma ba ma son musu, “to” in muna so mai magana ya yi ya gama. An tashe mu a kan cewa yaro ba ya ce wa malami “ban gane ba”, wai raini ne, kamar ka ce masa bai iya koyarwa ba. Ga kuma girman kai na namiji: ya za a yi in ɗaga hannu a gaban jama'a in nuna mace ta faɗi abin da ya fi ƙarfina? Na kira abin kunya, na kira shi ladabi. Yau da furfura a gemuna ina gaya maka sunansa na gaskiya tsoro ne. Tsoron dariyar mutanen da yanzu ko sunayensu ba na tunawa.

Kai Turancinka ya fi nawa nesa ba kusa ba, na sani. Amma a can za ka haɗu da Balarabe da Ba'indiye da Bature, kowa da yadda yake murɗa harshensa, ga na'urorin da ba ka taɓa taɓawa ba. In abu ya wuce ka, ka ɗaga hannu. In an maimaita bai shiga ba, ka sake ɗagawa. In an tashi shan shayi, ka bi malamin da kofinka ka tsare shi. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya yi maka dariya ba shi zai tsaya a gaban mai shanu ba ranar da abu ya lalace.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. An ce ranar ƙarshe da rana za a fita da mu wata gona a gwada mana haɗa maganin da hannu, kowa ya yi a gaban malama. Washegari da asuba motarmu za ta tashi. Ni kuwa ban sayi tsaraba ko ɗaya ba, ban ga gidan namun daji ba, kuma na san in na koma Kibiya ba wanda zai tambaye ni me na koyo, kowa “ina tsarabata” zai ce. Wani abokin zamana a baya ya taɓa ni ya ce, “Malam Idi, allura ai allura ce. Yau ka fara soka wa saniya? Takardar nan ko mun je ko ba mu je ba an riga an buga sunayenmu.” Maganar ta yi mini daɗi don dama ita nake son ji. Ana hawa motar gona, mu muka zame ta ƙofar baya.

Na ga zaki yana hamma. Na ɗauki hoto a jikin dutse, hannu a ƙugu. Na shiga babbar kasuwa na cika buhu da dankali da kabeji, na saya wa Innarku mayafi. Kai kuma na saya maka 'yar rigar sanyi ja mai hula, ita ce a jikinka a hoton da ke ɗakin Innarku. Duk sanda baƙi suka ce “kai, yaron nan ya yi kyau a rigar nan”, ni kaɗai na san abin da aka biya a kanta. Da yamma muka koma otal, aka kira sunana, aka tafa mini, aka miƙo takarda. Abokin nawa ya yi gaskiya, ba wanda ya tambaye mu inda muka je.

Ban ce kada ka ga gari ba. Allah da kanSa Ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Ka je ka ga dalar, ka ga Kogin Nilu, ka yi salla a tsofaffin masallatansu, ka yi mana addu'a. Amma sai an tashi daga aji. Duwatsun nan sun daɗe a tsaye tun kafin a kafa Rano, za su jira ka ka gama darasi. Shi darasin ba zai jira ka ba. In lokaci ya ƙure, ya zama ko kasuwa ko aji, ka dawo hannu rabbana, ni zan tare maka Gwaggonka. Abayar Masar tana nan jibge a kasuwar Kwari, in ta matsa mu saya mata a can, ba sai mun yi mata ƙarya ba. Fushin tsaraba ba ya kai sati.

Na dawo gida aka yi mini maraba, aka raba dankali har maƙwabtan maƙwabta. Daga ranar mutane suka daina ce mini Malam Idi, sai Dakta. Na san ban kai ba, amma ban hana ba. Da kayan rigakafin suka iso, na buɗe kwali na ga 'yan kwalabe da busasshen gari a ciki, ga ruwan haɗi daban, ga kular ƙanƙara. A Rano akwai babban jami'inmu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Da na hau babur na je na ce, “Ranka ya daɗe, nuna mini,” da shi ke nan. Amma wanda aka tura Jos, aka tafa masa, ake kira Dakta, shi zai je yana tambaya? Na karanta abin da na iya karantawa a jikin kwalbar, sauran na cike da ka. Wannan shi ne kuskure na uku. Suna yana da nauyi, Abba. In ka dawo za a ƙara maka wani a kan wanda kake da shi, za a ce ai wane har Masar ya je. Kada ka bari sunan ya rufe maka baki.

Yanzu sai in kawo ka wurin Jauro Buba. Ka san shi, dattijon rugar da ke bayan Nariya, mai farin gemu, wanda 'ya'yansa suka koro ka da kayan allurarka a bara. A lokacin shi ne mai garke mafi girma a wannan yanki, kuma in ya yarda da abu duk rugagen kewaye sun yarda. Ba ya son allurar gwamnati. Na yi ta zarya wurinsa, in sha nono, in yi magana, ya ce sai ya yi shawara. Rannan na dafa ƙirjina na ce, “Jauro, ni aka tura na koyo abin nan da idona. In ka bari na yi musu, ko ciwon huhu ya shigo ƙasar nan, kai ka kwanta ka yi barci. In ya taɓa su, ni ne.” Ya dube ni ya ce, “Malam Idi, na ba ka amanar shanuna.”

Ranar da muka sa, na tashi da sassafe a Kibiya. Don in rage wa kaina aiki a daji, sai na zauna na haɗa maganin gaba ɗaya, kwalba bayan kwalba, na jera a kula, na ɗaure a bayan babur. Na biya ta Tarai na yi wa 'yan shanun wani mutum, aka tsare ni da gaisuwa, aka kawo fura, ka san ba a tashi a bar ƙwarya. Aka yi azahar, na bi jam'i. Kafin in isa rugar Jauro rana ta take, ƙanƙarar ta zama ruwa, kwalaben suna iyo a ciki. Ban ga komai a wannan ba. Yaransa suka yi ta kamawa ina sokawa har muka gama garken kaf, aka yanka mini zabo.

Kai likita ne, na san tun daga tsakiyar wannan sakin layin ka dafe kai. Maganin nan rai gare shi. In an haɗa shi da ruwansa, ɗan lokaci kaɗan yake da shi, in ya wuce ko zafi ya taɓa shi ya mutu. Ba a haɗawa sai shanu suna tsaye a gabanka, kwalba ɗaya in ta ƙare a haɗa wata, a inuwa. Abin da aka nuna a gonar nan ke nan ranar da nake kallon zaki. Ruwa na soka wa shanun Jauro, ruwa zalla.

Bayan 'yan kwanaki na haɗu da shi ya ce, “Malam, na ji an ce wurin allurar yakan ɗan tasa. Nawa ko ɗaya bai tasa ba.” Ka ga Allah Ya sake ba ni ƙofa. Na yi dariya na ce, “Hannu ne, Jauro. Wanda ya iya ba ya kumbura fata.”

Da kaka ta wuce ciwon ya shigo, ta wajen wasu shanu da suka ratso daga kudu suka sha ruwa a mashaya ɗaya da na mutanenmu. Masu garken da ba su yi allura ba suka yi abin da iyayensu ke yi, suka kwashe dabbobinsu suka yi nisa. Ƙannen Jauro suka ce ya tashi. Ya ce ba inda za shi, Malam Idi ya ce ya kwanta ya yi barci. Ya zauna saboda maganata.

Ranar da aka aiko mini na je, tun daga nesa nake jin tarin. Ka san yadda suke tsayawa, wuya a miƙe, ƙafafun gaba a buɗe, numfashi yana fita da gurnani. Wasu sun riga sun kwanta. Mahauta sun cika wurin suna saye a wulaƙance. Akwai wata farar saniya da ya gada daga mahaifiyarsa, wadda ya ce duk rabin garken jikokinta ne, na same shi tsugune a gabanta yana shafa mata wuya. Na yi sallama. Ya ɗago ya ce, “Jam tan, Malam,” wato lafiya lau. Bai zage ni ba, bai kai ƙarata ba, bai ko tuna mini da ƙirjin da na dafa ba. Ya sa aka kawo mini tabarma da nono. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Abin da ya tsira daga garken nan bai kai a kira shi garke ba. 'Ya'yansa biyu suka tafi kiwon shanun wasu, shi kuma ya kama fartanya, mutumin da bai taɓa noma don ci ba.

A lokacin ni ma ban san dalili ba, na ce ƙaddara ce, na ce wataƙila maganin ne ba shi da kyau. Sai da shekara ta zagayo aka haɗa ni aiki da wani wanda muka je Jos tare, cikin waɗanda suka hau motar gona. Ya gan ni da safe ina shirin haɗa kwalabe ya riƙe mini hannu ya ce, “Malam Idi, me kake yi haka? Ai sai a gaban shanu. Ba ka tuna abin da malamar nan ta yi ta nanatawa a gona ba?” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka san me na ce masa? Na ce, “To, to, haka ne, na sha'afa.”

Daga ranar na gyara aikina, ban sake kuskuren ba har na yi ritaya. Amma ban je na gaya wa Jauro ba, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi duk sauran tsawon rai. Na ce abin da ya wuce ya wuce, tonawa ba za ta tayar da matacciyar saniya ba. Ban lura ba cewa shirun nawa yana ci gaba da kisa. Tun daga shekarar rugar Jauro da na kewayenta ba su sake tsayar da saniya an yi mata rigakafi ba. A wajensu an gwada an gani: wanda ya yi allura ya rasa, wanda ya gudu ya tsira. Wa zai ce ba su da hujja? Duk shekarar da ciwo ya ratso sai ya ɗebi rabonsa a can.

Bara ka dawo daga Nariya ranka a ɓace, ka jingine babur ka ce, “Baba, mutanen nan taurin kai gare su, jahilci ya yi musu yawa.” Ina kan buzu na ce maka, “Sai haƙuri.” Abba, ba jahilci ba ne. Ubanka ne. Ƙofar da kake ta bugawa ba ta buɗuwa, ni na rufe ta tun kana goye, kuma na bar ka kana zagin mutanen da aka zalunta. Ka yafe mini wannan. Kada ka sake kiran mai dabba jahili don ya ƙi maganarka, ka fara tambaya wa ya zo kafin kai, me kuma ya yi.

Ga abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru. Ranar kasuwar Kibiya da ta wuce na je gaisuwar rasuwa, na biya ta kasuwa, sai ga Jauro a rumfar masu goro, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Muka gaisa. Ya ce, “Na ji yaronka za shi Masar karatun shanu.” Na ce haka ne. Ya ce, “Kowa ya ba da saƙonsa, ni ma ga nawa. Ba na son turare, ba na son carbi. Ka ce masa in ya ga manyan malaman can ya tambayo mini abu ɗaya. Me ya sa allura ta ci amanata? Na yi shekaru ina juya abin a raina. Yanzu an ce ciwon ya sake ɓullowa ta kudu, jikokina sun fara tara 'yan shanu, ban san me zan ce musu ba. Ina so in ji kafin in mutu.”

Abba, ka san me ya fito daga bakina? “To.”

Na hau mota na dawo Rano ina ta juya kalmar nan. Mutum zai aika tambaya har Masar, alhali amsarta tana tsaye a gabansa tana taunar goro. Washegari na sa ɗan acaɓa ya kai ni Nariya. Na same shi a gindin tsamiya da 'ya'yansa. Na ce a bar su su zauna, don su ma abin ya ci. Na cire hulata na faɗa musu duk abin da na rubuta maka a nan, ban rage ba, har zakin da rigar sanyin. Na ce, “Allura ba ta ci amanarka ba, Jauro. Ni na ci.”

Babban ɗansa ya miƙe tsaye, uban ya ɗaga masa hannu ya koma ya zauna.  Can Jauro ya ce, “Shanun farko Allah Ya karɓi abinSa, na daɗe da barin su. Amma da ka faɗa mini tun ranar da ka sani, waɗanda suka bi bayansu da ba su bi ba. Waɗannan su ne masu ciwo, Malam Idi.”  Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Na yafe maka, don ni ma ina neman a yafe mini. Amma yafiya daban, garke daban.”

Na tashi zan tafi ya ce in dakata. Ya ce, “In yaronka ya dawo, ka ce ya zo nan gindin tsamiyar. Zan yi masa tambayoyi a gaban 'ya'yana da jikokina, har abin da na san ba zai sani ba. In na ji ya ce ‘ban sani ba, sai na tambayo’, zan sa a kama masa shanu ya yi allurarsa, kuma duk rugagen nan za su bi. In kuwa na ga ya san komai kamar ubansa, to a gaishe shi.”

Ka ji abin da ke jiran ka. Ba takarda mai gilashi ba, ba a bangon Jauro za a rataye ta ba. Ciwon yana matsowa, shanun jikokinsa ba su da kariya, kuma dattijon nan ya buɗe ƙofar da ɗan yatsa ɗaya, ba zai sake buɗewa ba in ta rufe. Tambayarsa na riga na amsa, ba sai ka tambayo masa komai ba. Abin da ya rage naka ne: ka zauna a gaba, ka sa hannunka a duk abin da aka ce a gwada, ka tambaya har a gaji da kai, ka dawo ka san iyakar abin da ka sani.

Sauran kuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokacinta, matafiyi yana da rangwame amma ba shi da hutu. Fasfonka kada ya rabu da jikinka. Garin baƙi ne, masu neman na baƙo sun fi ƙuda, wanda ya cika fara'a a bakin kasuwa ka gaishe shi ka wuce. Ka ci abin da ka gane. In an gama taro ka hau jirginka ka dawo, kada wani ya yi maka huɗubar cewa gaba ta fi nan. Matarka da 'ya'yanka suna hannun Allah suna hannunmu, kada ka sa su a ranka har su hana ka sauraro.

Innarku tana gaishe ka. Ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, amma zan gaya mata da bakina kafin ka sauka, don ita ma ta daɗe tana goge gilashin nan. Na riga na sauke shi daga bango.

Allah Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki. Allah Ya buɗe maka ƙirji, Ya ba ka ilimi mai amfani, Ya sa dabbobin bayin Allah su samu lafiya ta hannunka. Allah Ya yi maka albarka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya dawo da kai ka same mu lafiya. Amin.

In ka gama karantawa, na san za ka kira ni a waya. Ka yi mini faɗa in kana so, ka yi shiru in ka ga dama, ka tambaye ni duk abin da bai shige ka ba, zan amsa. Abu ɗaya na roƙe ka, Abba: kada ka ce mini “to”.

Wassalam.

Mahaifinka,
Idrisu.